Otal na katako a Katsina: inda zai yi amfani da inda zai ba da wahala

Wata Hajiya daga Katsina ta rubuto cewa tana da fili a kan hanyar Daura, tana son gina ƙaramin otal mai ɗaki 14, bene hawa ɗaya, irin wanda baƙin hawan sallah da na biki za su sauka su ji daɗi. Ɗanta da ke karatu a Turai ya turo mata hotunan otal-otal da aka gina da katako, ya ce mata shi ne ginin da duniya ta karkata gare shi saboda kare muhalli. Tana tambaya ko zai yiwu a Katsina, yaya za a yi da gobara da gara, kuma ko da gaske ya fi siminti alheri.

Hajiya, ranki ya daɗe, zai yiwu. Amma ba zan ba ki shawarar ki ɗauko ginin nan yadda yake a hoto ki dasa shi a filinki ba. Da ni za ki ba aikin, bango zai zama na ƙasa, harsashi da banɗakuna na kankare, katakon kuma in kai shi sama, wurin da babu abin da ya kai shi: rufin babban zaure, ɗakin cin abinci, baranda, da wataƙila daɓen bene a wasu sassa. Dalilina yana da tsawo, ki yi haƙuri da ni.

Abin da ɗanki ya gani ba irin katakon da kafinta ke saye a kasuwa ya ɗaura kwano ba ne. Kala biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne gululam: falankai busassu ake jerawa ɗaya kan ɗaya, duk suna fuskantar gefe guda, a manne su da gam mai ƙarfi a matse a inji, su zama ginshiƙi ko dogon azara mai kauri, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Tsohuwar dabara ce, wani Bajamushe mai suna Otto Hetzer ya yi mata rajista tun 1906. Na biyu shi ne CLT, wanda aka ƙirƙiro a Ostiriya da Jamus a shekarun 1990, jami'ar fasaha ta Graz ta yi aiki sosai a kansa. Shi kuma shimfiɗa 3 ko 5 ko 7 ake yi na falankai, kowace shimfiɗa ta gicciye wadda ke ƙarƙashinta, sai a sami allo mai kauri wanda faɗinsa kan kai mita 3, tsawonsa mita 16. Allo ɗaya bango ne guda ko daɓe guda. A masana'anta inji mai kwamfuta yake yanke gurbin ƙofa da taga da ramin wayar wuta, a kawo wurin gini a ɗaga a ɗaure da dogayen sukurori. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin kankare mai girmansa.

Masu otal sun rungume shi ne saboda ɗakunan otal iri ɗaya ne, ana maimaita su. Hotel Jakarta da aka buɗe a Amsterdam a 2018 yana da ɗakuna 200, kuma mafi yawansu a masana'anta aka haɗa su har da banɗaki, aka kawo aka jera. A garin Brumunddal na ƙasar Norwe akwai Mjostarnet, hawa 18, tsayin mita 85.4, an gama shi a 2019, akwai otal a cikinsa. A Skelleftea ta Suwidin akwai Sara Kulturhus na 2021, hawa 20, shi ma da otal. Batun ƙarfi dai an wuce wurin. Sai dai ki lura da abu biyu. Garuruwan nan na Norwe da Suwidin a tsakiyar dazuzzukan katako suke, masana'anta na kusa da su. Kuma ko a Mjostarnet daɓen hawa na can sama da kankare aka yi, don a ƙara wa ginin nauyi kada iska ta riƙa kaɗa shi. Su ma ba katako zalla suka yi ba.

Gobara ita ce kowa ke fara tsoro, amma a cikin matsalolin ita ce aka fi samun amsarta. Duk mai girki da itace ta san ƙirare nan da nan yake cinyewa, gungume kuwa bayansa ne ke zama gawayi cikinsa na nan da ƙarfinsa. Katako mai kauri irin na Turai yana ƙonewa da kimanin milimita 0.65 a minti ɗaya, wato wajen santimita 4 a awa guda, gawayin kuma yana kare abin da ke ciki. Injiniya kan ƙara wannan kaurin a lissafinsa, ta yadda bayan awa ɗaya ana wuta ragowar zai ci gaba da ɗaukar ginin har mutane su fita. Ƙarfe kuwa yana kai zafin digiri 550 zuwa 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Shi ya sa dokar gini ta Amurka ta 2021 ta yarda da irin wannan gini har hawa 18. Amma wannan izinin ya jingina ne da famfunan feshin ruwa na cikin silin da masu kashe gobara da ke isowa cikin mintoci. A nan sai ki tanadi naki: tankin ruwa na gobara daban da na wanka, famfo mai aiki ko an ɗauke wuta, matakala biyu ta kankare, kicin da ɗakin janareto a ware su da ginin bulo. Wayar wuta kuma a sa mai kyau a cikin bututu, domin yawancin gobarar da muke gani daga nan take tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturunmu, kuma shi ne ba a ambata a tallan masu sayar da kayan.

Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi har abada, ko ya shekara ɗari da yankewa. Ana fito da CLT da gululam daga masana'anta da danshi kimanin kashi 12 cikin 100, wanda ya dace da iska mai laima wajen kashi 65. A Katsina idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Maris, laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20, katakon da ya zauna a cikinta kuma zai bushe ya koma kashi 4 ko 5. Agusta ta zo, laima ta hau, ya sake tsotsa ya kai 14 ko sama da haka. Kin san ƙofar katakon da ke ƙin rufuwa da damina sai an sa kafaɗa, da hunturu kuma ta saki har ana hango tsakar gida ta tsakanin falankai. Wannan motsin ne dai, sai dai yanzu a jikin abin da ke ɗauke da rufin otal.

Ga lissafin. A ta faɗinsa, katakon yakan tsuke da kimanin kashi 0.24 cikin 100 duk lokacin da danshinsa ya ragu da maki ɗaya. A ta tsawonsa kusan ba ya motsi. Azaran gululam mai zurfin santimita 60, idan ya sauko daga 12 zuwa 5, zai tsuke da kusan santimita 1. Idan an ɗaure shi da farantin ƙarfe mai noti ɗaya can sama, ɗaya can ƙasa, ƙarfen ba zai tsuke tare da shi ba, sai katakon ya tsage daga noti zuwa noti, daidai wurin da nauyi ke sauka. Maganin ba boyayye ba ne: a tara notuna kusa da juna a gefe ɗaya, a yi wa sauran rami mai tsawo don su sami wurin zamewa, a shafe bakin katakon da abin da ke hana shi saurin bushewa, a bar 'yar tazara tsakaninsa da gilashi da tayil da bango. Shi CLT gicciyewar da aka yi masa tana hana shi tsukewa ta faɗi, amma fuskarsa za ta yi tsage-tsage, gaɓoɓin falankai su buɗe. Wannan ba ya rage masa ƙarfi sosai, sai dai baƙon da ya biya kuɗi mai yawa ya kwanta yana kallon silin mai tsaga ba zai san haka ba. Don haka duk wanda zai kawo miki kaya, a rubuta a yarjejeniya cewa a busar da shi ƙasa da yadda aka saba, wajen kashi 8 zuwa 9, kuma kada a kwance ledarsa gaba ɗaya a tsakiyar hunturu. A huda ta, a bar shi a inuwa ya saba da iskarmu sannu a hankali.

Sai gara. Yawancin CLT na Turai da itacen sufurus ake yi, fari ne mai laushi, ba shi da wata kariya daga gara, kuma magani ba ya ratsa shi da kyau ko an matsa da inji. A ƙasashen da ake yin sa can arewa gara ba ta dame su ba, shi ya sa ba su damu ba. Itacen fayin da ake nomawa a Afirka ta Kudu, inda akwai masana'antun CLT, ya fi karɓar magani. Maganin borak yana aiki kuma ba ya cutar da mai kwana a ɗakin, amma ruwa na wanke shi, sai a wurin da ba ya jiƙewa. Baƙin mai da kafintocinmu ke shafa wa katakon rufi ba abin da za a sa a ɗakin baƙo ba ne. Magani ma dai na biyu ne, na farko shi ne tsarin ginin. Garar da ke ɓarna daga ƙasa take fitowa, ta gina 'yar hanyarta ta laka ta hau bango a ɓoye. Idan katako bai taɓa ƙasa ba, ya zauna a kan dakalin kankare mai tsayin gwiwa, an bar fuskar dakalin a fili babu filasta mai ɓoye tsaga, babu furanni a jingine da bango ana ba su ruwa kullum, to dole ta fito fili kafin ta isa, mai shara ya gan ta. Wuraren da bututun ruwa da na wuta suka huda daɓe a toshe su da ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Kuma a sa wa wani ma'aikaci dokar zagaya ginin yana duba gindin bango da gindin ginshiƙai, musamman farkon damina lokacin da shinge ke tashi.

Ruwan da nake jin tsoro ba na sama ba ne, don daminarmu gajera ce kuma rufi mai faɗin baki zai tare ta. Na banɗaki ne. A otal ɗin Turai ruwa yana tsayawa a cikin akwatin wanka. Namu baƙon zai yi alwala sau biyar, ya ɗaga ƙafa ya wanke a ƙasa, ya cika bokiti ya yi wanka, buta ta kife, ya fito da jiƙaƙƙen silifa har bakin gado. Mai gyaran ɗaki kuma ta zo ta kwara ruwa ta bi da tsintsiya. Ba laifinsu ba ne, haka muke rayuwa, gini ne ya kamata ya bi mu. Katakon da danshinsa ya wuce kashi 20 ya daɗe a haka zai fara ruɓewa, kuma a ƙarƙashin tayil zai yi ta yi shekaru babu wanda ya sani, ga shi danshi na kiran gara. Shi ya sa na ce banɗakuna su hau kan juna a jere, na sama a kan na ƙasa, a zuba musu kankare tun daga ƙasa har sama.

Ƙara ma abin lura ce. Daɓen katako ba shi da nauyi, takun mai tafiya a sama yana saukowa ƙasa. Ana magance shi da shimfiɗar roba sannan a zuba siririn kankare a kai. Kada a yarda wani ya cire wannan don rage kuɗi.

Game da zafi, katako yana hana zafi ratsawa fiye da kankare nesa ba kusa ba, kuma a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana wannan riba ce. Amma ba ya ajiye sanyi. Bangon ƙasa mai kauri yana shan sanyin asuba ya riƙe, zafin rana kuma ya ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa shi. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, ana jiran a tada janareto, ɗakin da ke da bangon ƙasa ne zai riƙe baƙo. Kuɗin dizal na shekara ashirin ya kamata ya shiga lissafin tun yanzu.

Yanzu maganar muhalli, wadda ita ce ta ja hankalin ɗanki, kuma yana da gaskiya a tushenta. Sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Itace kuwa yana zuƙe ta ne yana girma, kusan rabin nauyin busasshen katako kabon ne, kuma katako mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi yana riƙe da abin da ya kusa tan ɗaya na iskar. Amma wannan ribar tana tabbata ne idan an sake dasa abin da aka sare, kuma ginin ya daɗe. Katakon da gara ta cinye cikin shekara goma ya mayar da kabon ɗinsa sama, an yi asarar kuɗi da itace. Sannan ki dubi tafiyar: daga masana'anta a Turai zuwa tashar jirgin ruwa, zuwa Legas, zaman jiran kwastam cikin laimar bakin teku, sannan tirela ta yi fiye da kilomita 1,000 zuwa Katsina. Kwantena mai ƙafa 40 cikinta wajen mita 12 ne, faɗinta bai kai mita 2 da rabi ba, dole a ƙanƙanta allunan, gaɓoɓi su ƙaru. Kuɗin da kuɗin waje za ki biya, kuma idan allo ɗaya ya zo da kuskure ba a kasuwar 'yan katako za a samo madadinsa ba. Idan har za a shigo da shi, a nemi takardar shaidar FSC ko PEFC, ƙungiyoyin da ke tantance cewa daga dajin da ake kula da shi aka yanko.

Abin da ba zan so ba ko kaɗan shi ne a ce tunda na waje ya yi tsada, bari a nemo manyan itatuwanmu a yanka. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 saboda kwararowar hamada. Madobiya an yi mata irin wannan sara ana kaiwa ƙasashen waje har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe ke sa wa ido a 2017. Otal ɗin da aka ƙawata da maɗaci da madobiyar daji ba shi da bakin cewa yana kare muhalli. Idan katakon gida ake so, a nemi na gonar itace: malaina daga gandun Omo a Ogun ko Oluwa a Ondo, ko tik irin na Nimbia a kudancin Kaduna. Malaina ba ta tsukewa da yawa kuma tana karɓar gam, sai dai tana jinkirin bushewa kuma tana buƙatar magani. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan wuri ne da za a tuntuɓa. Matsalar katakon kasuwarmu ita ce ɗanye ake sayar da shi kuma ba a tantance ƙarfinsa. Manna falankai su zama azara mai ɗaukar rufi aiki ne na busarwa a tanda, gam na musamman, matsi daidai, da gwaji a ɗakin bincike. Ba a yin sa da gam ɗin kujera a bayan shago.

Mu ma fa muna da namu ilimin haɗa itace da ƙasa. Maginanmu sun daɗe suna tsaga giginya su fitar da azara, wadda gara ba ta cika kusanta ba, su jera ta su yi rufin soro. Da yake azara ba ta ƙetare fiye da kamar mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba, sai suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗaure azara bisa azara a cikin ƙasa har su rufe babban zaure babu ginshiƙi a tsakiya. Ki shiga tsofaffin soraye na fadar Katsina ko ta Daura ki ɗaga kai. Hasumiyar Gobarau ta ƙasa ce, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye saboda ana kula da ita. Giginya ta yi ƙaranci kuma tana daɗewa kafin ta girma, ba zan ce a sare sabuwa ba, amma duk lokacin da aka rushe tsohon gida a cikin birni azara ce ke fitowa, wata ma a murhu take ƙarewa. A saye ta a adana, za ta yi silin ɗin ɗakunan ƙasa, kuma babu otal a Turai da ke da irinta. Gululam yana shigowa ne daidai inda azara ta gaza, wato ƙetare mita 10 ko 12 a ɗakin taro ko na cin abinci da azara ɗaya mai kyan gani.

Ginin ƙasa na zamani kuma ba sai an je nesa ba. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da ake matsawa a inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, an gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya sami lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022, ya fara ne da makarantar ƙauyensu Gando a 2001: bangon bulon ƙasa, rufin kwano a ɗage sama iska na ratsawa ta ƙarƙashi. Yanayinsu irin namu ne. Bulon nan ƙasar wurin ce da ɗan siminti kaɗan, ba a gasa shi, kuma birkilolinmu suna koyon ɗora shi cikin ɗan lokaci. Kuɗin aikin a Katsina zai zauna.

Saboda haka ɗakuna 14 ɗin nan zan jera su ne kewaye da tsakar gida mai inuwa, a shiga ta zaure, dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, gabas da yamma a rage musu tagogi. Baranda mai faɗi ta gululam ta zagaye, ginshiƙanta a kan takalmin ƙarfe a bisa dakali, rufi ya fito sosai ya rufe kan kowane katako, domin rana da ruwa tare suke cinye shi idan ya leƙo waje. Katakon da za a shigo da shi zai ragu ƙwarai, kuma duk inda yake baƙo zai gan shi da ido, mai dubawa kuma zai kai hannu gare shi.

Kafin ki biya kowa, ki sami mai zanen gini mai rajista da hukumar masu zanen gini ta ƙasa, ARCON, da injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi, COREN, wanda ya taɓa lissafin ginin katako, ki ce ya nuna miki aikin. A kai zanen hukumar tsara birane da ta kashe gobara tun da wuri, a ji ta bakin kamfanin inshora tun kafin a haƙa harsashi, don wasu kan ɗaga kuɗi da sun ji an ce katako. Sannan ki sa mai kawo kayan ya turo guntun azara mai tsawon mita 2 da guntun allo, irin wanda zai sayar miki, da farantin ƙarfen da notunansa a ɗaure. A ajiye su a ƙarƙashin rumfa a filin, a sayi 'yar na'urar auna danshi, a riƙa aunawa kowane wata ana rubutawa, a ɗauki hoton fuskar katakon da wurin notuna. Aikin harsashi da buga bulo za su iya ci gaba a wannan lokacin. Bayan sun ga hunturu ɗaya da damina ɗaya, sai a zauna da injiniya a yanke yawan da za a yi oda.